Labarin Wata Tsohuwar Kalma ta Garwashi

 Edita ya ba ni fili a shafin Hausa, ni kuwa na ga ya kamata in kawo muku labarin wata kalma guda ta Turanci, wadda su Turawan da kansu sun kusa mantawa da ita. Wani zai ce, mu da ba mu gama da Turancin da a ke yi yau ba, me ya kai mu tonon wanda aka binne? To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu, gama ina tsammani za mu ƙaru da wani abu game da harsunanmu, da kuma aikin da mu ke shirin ɗauka.

Kalmar ita ce gleed. In za a faɗe ta da bakin Bahaushe, sai a ce "gilid". Ma'anarta garwashi, watau gawayi ko guntun itace wanda ya ci wuta ya yi ja wur, harshen wutar ya kwanta amma zafin yana nan. Na gamu da ita ne a ajin adabin Turanci, cikin wani yanki na tsohon littafi da malaminmu ya kawo mana. Daga nan na bi sawunta cikin manyan ƙamus na ɗakin karatu, ga kuwa abin da na tsinto.

Da fari dai sai mu tuna Turanci ba a Ingila aka haife shi ba. A ƙarni na 5 bayan haihuwar Almasihu waɗansu kabilu uku, Angil da Sakson da Jut, suka ƙetare teku daga arewacin Jamus da ƙasar Denmak, suka zauna a tsibirin Birtaniya da iyalinsu da harshensu. Cikin guzurin da suka zo da shi har da wannan kalma. A tsohon Turanci ana rubuta ta gled, ana jan wasalin tsakiya. Uwarta kuwa ita ce kalmar aiki glowan, wadda ta zama glow a Turancin yau, watau abu ya yi ja yana haske saboda zafi, kamar ƙarfe a maƙera. Ashe gleed suna ne na abin da ke yin glow.

Shaidar wannan tana bakin dangin Turanci waɗanda aka baro a hayin teku. Jamusawa suna cewa Glut, mutanen Holan suna cewa gloed, na Suwidin glöd, na Denmak glød, na tsibirin Aisland kuma glóð. Duka garwashi su ke nufi, ko jan zafin wuta. A wurinsu kalmar ba ta tsufa ba ko kaɗan, yaro ƙarami ma ya san ta. Turanci ne kaɗai cikinsu ya yar da tasa.

Mai lura zai tambaya, yaya aka yi dangin nan duka suna rubuta ta da o ko u, Turanci kuwa yana da ee? Masana harsuna sun gwada waɗannan kalmomi da juna, suka gane cewa tun kafin a fara rubutu kakarsu tana da wata 'yar jela mai wasalin i a ƙarshenta, kamar a ce glodiz. Wannan i na ƙarshe shi ya jawo o na tsakiya kusa da shi har ya koma e, sa'an nan jelar ta guntule ta faɗi, aka bar gled. Kada wannan ya ba mu mamaki, domin muna da irinsa a Hausa. A Sakkwato da Katsina har gobe ana jin "mani" da "maku" da "masu", amma a Kano wasalin baya ya jawo na gaba, aka sami "mini" da "muku" da "musu". Haka nan mu kan sake wasali in za mu fitar da suna daga kalmar aiki: mu ce ƙona mu ce ƙuna, mu ce soya mu ce suya, mu ce jefa mu ce jifa, mu ce goge mu ce guga.

Wannan bayani yana da amfani ga malamin makaranta, gama abin da ya sami gleed shi ya sami blood da bleed, da food da feed, da foot da feet, da tooth da teeth, da goose da geese. Ran da yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ka dalilin da ya sa ba a cewa foots, kana da amsar da ta fi "haka Turawa su ke faɗi". Daga baya kuma, tun daga wajen shekara ta 1400 zuwa sama da shekara ɗari biyu bayanta, dogayen wasulan Turanci suka yi ta gusawa a bakin mutane, rubutu kuwa ya tsaya inda ya ke. Shi ya sa a ke rubuta ee amma kunne yana jin i mai tsawo.

A zamanin ƙuruciyarta kalmar nan ta shiga manyan wurare. Tana cikin Beowulf, doguwar waƙar tsohon Turanci mai layi 3,182, inda a ke ba da labarin wani jarumi da ya kara da wani ƙaton maciji mai fukafukai mai aman wuta. Kwafi ɗaya tak na wannan waƙa ya rage a duniya, wanda aka rubuta da hannu wajen shekara ta 1000. A 1731 gobara ta kama gidan da a ke ajiyarsa a Landan, ta babbake gefen takardunsa, da ƙyar aka tsamo shi. Yanzu yana babban ɗakin karatu na Birtaniya.

Geoffrey Chaucer kuma, wanda ya rasu a 1400, ya yi aiki da ita cikin littafinsa na labarun masu ziyara zuwa Kantabari, kuma a nan ne ni na fara ganinta. Cikin matafiyan akwai wani dattijo, wakilin gonakin wani mai arziki, wanda ya kwatanta tsufa da wutar da toka ta rufe. A ganinsa ko ƙarfin mutum ya ƙare akwai garwashi huɗu da ba su mutuwa a zuciyarsa, su ne fahariya da ƙarya da fushi da kwaɗayi. Duk wanda ya taɓa tona murhu da safe ya san inda dattijon nan ya samo misalinsa.

To, me ya ture ta? Kishiyoyi biyu ta samu, coal da ember. Mu yanzu in mun ji coal sai hankalinmu ya tafi ga kwal, baƙin dutsen nan da aka fara haƙa a Inugu a zamanin Turawa. Amma a dā ma'anar coal garwashi ce ko gawayin itace, daga baya ne dutsen ƙasa ya gaje sunan. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littafi na fari a Ingila, Turancin Landan ya zama shi ne na littattafai, sauran kuwa suka zama na ƙauye. Da aka fassara Littafi Mai Tsarki a zamanin Sarki James a 1611, wurin da mala'ika ya ɗauko garwashi daga bagade a sura ta 6 ta littafin Ishaya, da wurin da Bitrus ya tsaya jin ɗumi a sura ta 18 ta Yohanna, coal masu fassarar suka sa. Kafin 1755, sa'ad da Samuel Johnson ya fitar da babban ƙamus nasa, har ya riga ya lasafta gleed cikin kalmomin ƙauye waɗanda aka daina yayinsu. Ku lura, wannan ya faru tun ba a san ashana ba, gama sai a 1827 ne wani mai sayar da magani, John Walker, ya fara sayar da ita a Ingila. Watau masu littafi sun bar kalmar tun garwashi yana kowane gida.

A nan sai in ja kunnen 'yan'uwana masu karanta fassarar nan ta 1611. A sura ta 14 ta Maimaitawar Shari'a, wadda tsofaffinmu ke kira Kubawar Shari'a, za ku ga glede cikin jerin tsuntsayen da aka hana ci. Wannan ba garwashi ba ne, shirwa ce, asalinta kuma daga glide ne, watau shawagi a sama ba tare da kaɗa fiffike ba. Kama ce kawai ta haɗa su, kamar baƙi na launi da baƙi masu sallama a ƙofar gida.

Ko da ya ke littattafai sun sallame ta, kalmar ba ta mutu nan da nan ba. Akwai wani mutum, Joseph Wright, wanda ya fara aiki a masaƙar ulu tun yana ɗan yaro, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15, amma ya yi ta ƙoƙari har ya zama babban malami a jami'ar Oksfod. Shi ne ya tattara kalmomin ƙauyukan Birtaniya cikin littafi shida manya, aka buga su tsakanin 1898 da 1905, ya kuwa tarar da gleed tana nan da ranta a bakin talakawa. Wurin da ta fi daɗewa har da yankin nan na kusa da Birmingham wanda a ke kira Baƙar Ƙasa saboda kwal da hayaƙi, inda maƙera ke ƙera ƙusa da sarƙa. Wani almajirin Wright, J. R. R. Tolkien, wanda ya girma a Birmingham, shi ya sake ɗauko ta ya sa cikin littafinsa na labarin zobe wanda ya fito a 1954, don ya kwatanta zafin zoben.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, kalma ta kan fara fita ne daga bakin waɗanda suka bar taɓa abin da hannunsu, ta kan daɗe kuma a wurin waɗanda cinsu da shansu ke rataye a kansa. Da na gane haka sai hankalina ya komo gida.

Ni a Gada Biyu na tashi, a nan Jos. Garinmu yana bisa tudu wajen mita 1,200 daga gaɓar teku, saboda haka ba sai an gaya wa mutumin Jos darajar garwashi ba. In hunturu ya kankama a watan Disamba da Janairu, ka fito bakin hanya da asuba, za ka tarar da mai shayi da mai ƙosai sun riga sun hura wuta, 'yan dako da masu jiran mota sun kewaye su suna miƙa tafin hannu. Da yamma kuma masu gasa masara da masu tsire su karɓi fagen.

Kakata, wadda ta goye ni, ba Bahaushiya ba ce. Daga ƙauye ta zo da harshen iyayenta, a kasuwa da majami'a ta koyi Hausa, amma ta iya ta har ta fi mu da aka haifa a ciki. In an gama tuwon dare ba ta yarda a zuba wa murhu ruwa. Sai ta tattara garwashin wuri ɗaya, ta lulluɓe shi da toka, da asuba ta tona da ɗan kara, ta ɗora ƙirare, ta hura sau biyu ko uku, wuta ta tashi. Ran da aka yi rashin sa'a ya mutu, sai ta ba ni tsingaro ko murfin gwangwani ta ce, "Maza, jikana, je gidan da ka ga hayaƙi ka ɗebo mana wuta." Ba a sayar da wutar ɗiba, ba a kuma hana ta. Mai ɗiba ba ya tsayawa hira, domin in ya yi nawa abin hannunsa zai mutu a hanya. Shi ya sa in baƙo ya shigo, bai ko zauna sosai ba ya ce zai koma, sai ta ce masa, "Af, ɗiban wuta ka zo?"

A bakinta na ji wuta tana da 'ya'ya da yawa, kowane da sunansa. Akwai harshen wuta, shi ne mai tashi sama yana lasar gindin tukunya. Akwai tartsatsi mai tsalle in itace ya fashe. Akwai bakin wuta, watau itacen da kansa ɗaya ke ci, wanda a ke riƙe ɗaya kan a haska hanya da shi. Akwai garwashi. Akwai rushi, shi ne toka mai zafi gauraye da ƙananan garwashi. Akwai toka mai sanyi, wadda a ke tace ruwanta don miya ko a wanke tukunya da ita. Garwashin da aka kashe kafin ya cinye shi ne gawayi. Baƙin da hayaƙi ke tarawa a rufin ɗakin girki shi ne kunkunniya. Ta kuma ba ni labarin ƙyastu da ƙanƙara, waɗanda mazan dā ke ɗauka a jaka kafin ashana ta zo. Aikin ma kowane da kalmarsa: a hura wuta da baki ko da mafici, a iza ta da itace, in ta kama sosai a ce ta ruru.

Kada a ɗauka yawan sunayen nan ado ne kawai. Kowane suna yana ɗauke da sanin wani aiki. A bisa garwashi a ke gasa masara da nama. A cikin rushi a ke binne dankali ko rogo ya nuna har ciki. Wanda ya ɗora ɗayansu a harshen wuta zai sami baya ya ƙone, ciki ɗanye. Yaron da ya san bambancin garwashi da rushi ya riga ya san wani abu game da zafi da yadda ya ke ratsa abu, tun bai shiga ajin kimiyya ba.

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da unguwarmu, aka ba ni aji biyar. Wata rana na tambayi yaran su faɗa mini dukan sunayen da suka sani na wuta da abin da ta ke bari. Kowa ya san wuta da hayaƙi da gawayi da toka. Garwashi kuwa waɗansu sun sani, waɗansu suna ce masa jan gawayi. Da na ambaci rushi sai aji ya yi tsit, in banda wata yarinya wadda uwarta ke gasa masara a bakin hanya, da wani yaro ɗan maƙeri. Kunkunniya da ƙyastu ba wanda ya taɓa ji. Kun ga abin da Wright ya tarar a Baƙar Ƙasa shi na tarar a Gada Biyu: kalmar ta koma hannun masu sana'ar wuta.

Amma akwai wata kalmar Turanci ta garwashi wadda duk yaran nan suka sani, ko da ya ke ba su san ta garwashi ba ce. Ita ce curfew, wadda mu ke ce wa dokar hana fita. Asalinta Faransanci ne, ta shiga Turanci bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, ma'anarta kuwa "rufe wuta". A garuruwan Turai na wancan zamani gidaje na katako ne da ciyawa, saboda haka a kan kaɗa ƙararrawa da dare don kowa ya rufe garwashinsa, kada gobara ta tashi mutane suna barci. Watau abin da kakata ke yi kowane dare shi ne curfew na asali. Ita wannan kalma ta rayu domin ta sake aiki. Mu mutanen Jos mun san sabon aikinta fiye da yadda mu ke so, gama an sa mana dokar a rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, da kuma Agusta 2021. Unguwarmu ma ta ga nata rabon baƙin ciki sa'ad da bama-bamai suka tashi a jajiberin Kirsimati na 2010.

Kakata ta kan ce kafin waɗannan fitinu mai ɗiban wuta ba ya tambaya ko gidan masu zuwa masallaci ne ko na masu zuwa majami'a, hayaƙi kawai ya ke dubawa. Bayan haka mutane da yawa suka yi ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, unguwanni suka rabu. Ban ce rikici ne ya kashe ɗiban wuta ba, ashana da risho da gas su suka fi yin wannan aiki. Amma abin tausayi ne a ce yaro ɗan shekara goma ya san sunan dokar da ke kulle shi a ɗaki, bai san sunan al'adar da ke kai shi ƙofar maƙwabci ba.

Na san wani zai ce, kowane harshe yana zubar da tsofaffin kalmomi kamar yadda itace ke zubar da ganye, yana kuma toho da sababbi. Gaskiya ne. Hausa ta karɓi risho da gas da kalanzir da kurfoti, ba ta ragu da kome ba. Ita kalmar wuta ma ta sami sabon aiki kamar yadda coal ta samu, gama in yaro ya yi ihu ya ce an kawo wuta, lantarki ya ke nufi. Ba na kuwa roƙon kowa ya bar gas ya koma murhu. Hayaƙin itace yana cin idon iyayenmu mata da ƙirjinsu, saran itatuwa don gawayi kuma yana cinye dazuzzukanmu. Da tsadar rayuwa ta mai da gidaje da yawa ga gawayi bayan an janye tallafin man fetur a 2023, ba wanda ya yi murna. Sunayen ma ba su komo tare da gawayin ba, domin yanzu a ƙulle a ke sayensa, a kunna da ashana, in an gama a kashe da ruwa.

Abin da ke damuna dabam ne. Turawa sun bar faɗin gleed, amma ba su yi hasararta ba. Tana cikin Johnson, tana cikin Wright, tana cikin babban ƙamus na Oksfod wanda aka fara bugawa a 1884 aka gama a 1928, da asalinta da shekarun da aka yi aiki da ita. Duk ran da wani marubuci ya bukace ta zai tona ya same ta da sauran zafinta, kamar yadda Tolkien ya yi. Hausa ma, alhamdu lillahi, tana da rumbunta. J. F. Schön ya fitar da ƙamus a 1876, G. P. Bargery ya fitar da nasa mai kalmomi wajen 39,000 a 1934, R. C. Abraham ya biyo baya a 1949, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta fitar da ƙamus na Hausa zalla a 2006. To, amma jihar Filato tana da harsuna fiye da 40, da yawa cikinsu kuwa abin da aka rubuta da su kaɗan ne. Mu jikokin masu waɗannan harsuna da Hausa mu ke ciniki, da ita mu ke sujada, da Turanci mu ke jarrabawa. Kowace tsohuwa da aka kai kabari ta kan tafi da sunayen wuta na harshenta, in ba a rubuta ba kuwa babu inda za a tona.

Saboda haka na gwada wani abu a ajin nan, na kuwa ga ya yi kyau. Na ba yaran aikin gida, na ce kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwar gidansu, ko maƙeri, ko mai gina tukwane, ko mai tsire, ya tambayo sunayen wuta da kowane harshe a ke yi a gidan, ya rubuto kalmar da ma'anarta da wata magana da a ke sa ta a ciki. Matambayi ba ya ɓata. Washegari allo bai ishe mu ba. 'Ya'yan Birom da Anaguta da Afizere da Irigwe suka kawo nasu, haka Fulani da Yarabawa da Ibo. Wani yaro wanda kakansa mutumin Sakkwato ne ya kawo habɗi, 'yan aji suka ce ba Hausa ba ce, gardama ta kaure, sai da na nuna musu cewa toka da habɗi duka Hausa ne, kowace da ƙasarta. Yaran da ba su cika buɗe baki a aji ba su suka fi kowa kawo kalmomi, domin a gidajensu ne a ke girki da itace har yanzu. Ran nan ɗan maƙeri shi ya zama malaminmu.

Daga nan darasin kimiyya ya zo da sauƙi. Malamanmu kullum suna gaya mana a fara da abin da yaro ya sani kafin a kai shi ga wanda bai sani ba. Na tambaye su, don me garwashi ke kwana da rai in an rufe shi da toka, amma in an bar shi a fili ya cinye kafin tsakar dare? Muka bi abin tare har muka gane cewa wuta tana bukatar abu uku, makamashi da iska da zafi. Toka tana rage iskar da ke kai wa gare shi, sai ya riƙa ci sannu sannu, tana kuma tsare zafinsa kamar bargo. Hurawa da zugazugin maƙeri ƙarin iska ne. Na kuma gargaɗe su da abin da kowane mutumin Jos ya kamata ya sani a lokacin sanyi, watau kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, gama yana fitar da wata muguwar iska marar wari marar launi wadda ke kashe mutum cikin barci.

Roƙona ga 'yan'uwana shi ne, duk wanda za a tura gwajin koyarwa a zango mai zuwa ya sayi ɗan littafin rubutu guda ya keɓe shi don wannan aiki. Ba lalle sai sunayen wuta ba. Wani ya ɗauki noman acca, wani kayan maƙera, wani sunayen ruwan sama da iska, wani wasannin yara. A rubuta kalmar yadda aka ji ta, da harshenta, da garin da aka same ta, da shekarar, da irin sana'ar mai faɗinta. In mun komo mu tara littattafan a ɗakin karatu na kwaleji, waɗanda suka fi armashi kuma mu roƙi Edita ya riƙa buga su a wannan shafi. Mu ɗari ne da wani abu a shekararmu kaɗai, kowannenmu kuwa zai tsaya gaban yara masu kakanni. Joseph Wright ma da taimakon mutane masu yawa da suka riƙa aiko masa da kalmomin garuruwansu ya cika littattafansa shida.

Wanda ya san wani sunan garwashi da ban ambata ba, ko da Hausar wata ƙasa ko da harshen gidansu, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita don mu ƙaru duka. Iyakar abin da ke bakina ke nan. Allah ya ba mu zaman lafiya a garinmu, ya kuma sa albarka cikin aikin da mu ke koyo, amin.